Ba Za a Sayar da Babur Ba

Samaru, daren Laraba, watan Yuli, 2008

Yaya Bala, wan mijina, ya sake zuwa da la'asar. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya zaro takardar da aka bugo masa a shagon intanet na Sabon Gari. Wai masu cacar intanet ɗin nan sun yarda mijina, Baban Asiya, ya ci kuɗi kafin ya rasu, amma sai an tura musu haraji za su saki. Wai a sayar da babur ɗin da ya bari a biya.

Na ce, "Yaya, a wane gari ofishinsu yake? In na fita takaba in je da ƙafata."

Ya ce, "Ke me kika sani a harkar kwamfuta?"

Ban san komai ba. Amma na ga yadda ƙaninsa ya rame yana tura musu, kullum suna cewa saura kaɗan, har ciwo ya kwantar da shi. Ban yi masa gori da ransa ba, yanzu ma ba zan yi ba. Allah Ya yafe maka, Baban Asiya.

Da kuɗin hayar babur ɗin nan yaran suke cin abinci. Na ce in gado ne, a kira malamai su raba, amma ba za a sayar don mutanen da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu ba. Ya fita yana cewa taurin kai gare ni.

To, gare ni. Na aiki Asiya ta kai takardun babur ajiya gidan maƙwabciyata Maman Joy. Gobe Yaya Bala ya zo ya birkice ɗakin, ba zai same su ba.