Mutum Na Farko da Mutum Na Biyu

Zuwa ga ƙanena, malamin falsafa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan kowa ƙalau, sai idon Inna da ya ƙara rauni, yanzu ko zare ba ta iya zurawa a allura.

Littafin da ka ce ka rubuta don irinmu ya iso, tare da sharaɗinka cewa idan Inna ba ta gane ba, ba za ka bari a buga shi ba. To, kwana huɗu ina rufe shagon ɗinki da la'asar, in zauna bakin gadonta ina karanta mata. Haba Auta! Shafi tara ka cinye kana bayanin abin da kake nufi da alkawari, kana ba da amsa ga mutanen da ba su tambaye ka komai ba. Ni kaina sai da na yi hamma.

Da muka zo kan misalinka sai ta gyara zama. Ka ce Mutum Na Farko ya yi wa Mutum Na Biyu alkawarin kula da gonarsa, na biyun ya rasu, babu shaida, sai ka tambaya ko alkawarin yana nan. Ta tambaya ko 'yan'uwa ne. Na ce ba ka faɗa ba. Ta tambaya ko mamacin ya bar yara. Na duba har ƙananan rubutun nan na ƙasan shafi, babu. Ta ce yaya za ta yanke hukunci kan mutanen da ba su da uwa, ba su da maƙwabta. Na san za ka ce da gangan kuke cire waɗannan a jami'a don tambayar ta fito fili. Amma abin da ka cire ɗin, da shi take tunani.

Daga baya ta ce laifin nata ne da ba ta yi boko ba, wai in rubuto maka cewa ta gane duka, kada aikinka ya tsaya saboda ita. Wallahi abin ya yi mini ciwo, kuma ba zan yi maka wannan ƙaryar ba. Matar da ta riƙe gonar marigayi Kawu shekara goma sha biyu, ta miƙa wa 'ya'yansa ko kunya ɗaya ba ta ragu ba, ita ce littafinka ya sa take ganin ba ta san alkawari ba. Ka sake zama a kansa, kuma kafin ka ɗauki biro ka kira ta, ka tambaye ta.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Gwaggo da mijina suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Yayarka