Hannun da Ya Yi Shiru

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Yaya yara?

Sakamakon gwajin Baban yara ya fito, hankalina bai kwanta ba. Aikin ƙodarsa ya ƙara raguwa, kuma awon ya nuna jininsa na saurin daskarewa. An haɗa masa jijiyoyi a hannun hagu don wankin ƙoda. Kullum da safe nakan ɗora yatsu a wurin, in ji yana gurnani kamar kyanwa. Likita ta ce ranar da ya yi shiru, gudan jini ya toshe shi, mu garzayo. Ta ba shi farar ƙwaya mai tsinka jini.

Kin san taurin kansa, ya koma shagonsa na kafinta. Jiya zarto ya ɗan taɓa yatsansa, jini ya jiƙa tawul biyu kafin ya tsaya. 

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Hannun ya yi shiru da safiyar Talata, muna asibiti. Likita ta tambaye shi ko yana shan maganin, ya rantse bai taɓa fashi ba, tunda ni ce ke ba shi da hannuna.

Yaya, kwana tara ke nan ƙwayar bitamin nake ba shi a maimakon maganin, fara ce ita ma. Tsoron jinin nan ne ya sa ni. Na ɓoye wa likita gaskiya. Yanzu tana ganin maganin ne ya yi masa kaɗan, za ta ninka shi gobe. Idan na ci gaba da shiru, ƙaramin yanka ma zai iya kashe shi. Idan na yi magana, da wane ido zan dube shi?

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Na faɗa wa likita gaskiya, a gabansa. Likita ta soke ƙarin, aka cire gudan jinin, hannun ya dawo da gurnaninsa. Shi kuwa ko tsawa bai yi mini ba, na so ma a ce ya yi.

Yau da safe ya miƙo mini hannun kamar kullum, na taɓa, na ji. Na juya zan ɗauko maganin, sai na tarar kwalbar ba ta kan tebur. Ya zaro ta daga aljihunsa, ya karanta rubutun jikinta, ya sha da kansa.

Ki gaida kowa.
Taki,
Auta