Ranar Da 'Yar Karkata Ta Miƙe

Zuwa ga Yayana Sahabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana da rai ma ai ba ka karanta boko, ni kake miƙo wa takarda ka ce in ɗaga murya, kana gyaɗa kai kana gyara mini karatun da ba ka iya ba. Yau ga ni ina rubuta maka, babu mai karanta maka. Amma abin ya cika mini ciki, kuma maganar motarka ce, ba wanda zai gane ta sai kai.

Bari in fara da labarin gida. Ruwan da ake ta faɗa ya zo, Yaya. Ka tuna kana dariya kana cewa ba a haifi mai tsayar da gulbi ba? To, sun tsayar da shi a Bakolori, tun faɗuwar damina yake tahowa wajenmu. Fadamarka ta nutse, kan giginyar nan kaɗai ake hangowa. Mutanen tungarmu duk sun kwashe, an ba su wuri kan tudu wajen Maradun, ƙasar tsakuwa ce zalla. Matarka Hajara ta gama takaba ta koma gidansu Bakura da yaran, suna lafiya. Ta aiko cewa can ma katafila ta baje gonakin ƙauyen Dakko, mutum ba ya gane iyakar gonar ubansa. Ni kuma ina nan da fawarmu a kasuwar Talata, masu sayen nama har yanzu suna tambayar ina mai jif.

Saura Inna. Na kama mata ɗaki a Talata Mafara, na roƙe ta, na sa dattawa sun roƙe ta, ta ƙi tashi. Da farko na ɗauka kabarinka ne ya riƙe ta. Ashe mota ce.

Kai ka san yadda jif ɗin nan take tsayawa. Shekara da shekaru kana kai nama sansanin ma'aikatan dam ta hanyoyin da ko jaki sai ya yi tunani, kai kuwa Allah Ya yi maka jiki, har sifirin ɗin gaba na gefen direba, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, ya kwanta. Ko ba kowa a ciki sai ta sunkuya ta gefenka, shi ya sa 'yan tasha suka sa mata 'Yar Karkata. Bayan rasuwarka na ɗauke ta zuwa garin Kaya, na faɗa wani kwazazzabo, babban ƙarfen sifirin ɗin ya karye. Da ƙyar na lallaɓo ta gida na ajiye ƙarƙashin tsamiya, ta ƙara karkacewa. Tun ranar Inna take shimfiɗa tabarma a ƙofar gida tana kallon ta. Duk wanda ya yi mata maganar tashi amsarta ɗaya ce: "Ina ni ka zuwa in bar shi zamne?"

Ruwa ya riga ya yanke babbar hanya, saura ta kan dutse, wadda babu motar da ke bin ta sai irin taka. Gwiwoyin Inna ba su kai ta ko rijiya, balle ta hau jaki. Makanikai kuwa duk aikin dam ya kwashe su, ba wanda zai biyo ni daji. Sai na ce to, ai na daɗe ina kwanciya ƙarƙashin motar nan, bari in gwada.

Ranar kasuwa na samo sifirin biyu da shakazoba biyu, masu shanye girgizar gargada, wajen mai kayan mota, na ɗoro wa raƙumi. Na kifa sifirin ɗin a ƙasa gefe da gefe yadda kake yi, wanda ya fi doro na ware shi na gefen direba. Na jiƙa notuna da kananzir da baƙin mai suka kwana. Da safe na tokare tayoyin baya da duwatsu, na sassauta notunan tayoyin gaba tun mota na ƙasa, sannan na ɗaga ta da jak. Ban manta dokarka ba, cewa ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Tsofaffin turamen nan biyu da kake tokare ta da su suna nan inda ka bar su, na jawo su na kafa. Ina kafawa na ji hawaye, don a jikin ɗaya har yanzu akwai shatin hannunka na baƙin mai.

Shakazoba ba su ba ni wahala ba. Na gefenka da na ciro na danna da hannu ɗaya sai ya shige, babu sauran ƙarfi a cikinsa, mansa ya tsiyaye tun tuni. Yaya, a kan wannan kake bin duwatsun Maradun, kana dawowa kana cewa bayanka ne kawai ya gaji? Me ya sa ba ka taɓa cewa mu sake shi ba? Na kwance ƙarafan da suka rungume sifirin ɗin, na zo kan ƙusar da ke riƙe da bakinsa, ta ce ba ta san zance ba. Tsatsa ta haɗe ta da mazauninta. Na buga da guduma har na fasa babban yatsana. Na zauna a ƙasa ina zagin ƙarfe, ni kaɗai, babu mai yi mini dariya. Daga baya na hura gawayi a kasko na kanga mata har ta yi zafi, sannan ta fita.

Ɗora sabon shi ne aikin mutum biyu. Akwai ɗan kan ƙusa a tsakiyar sifirin da dole ya faɗa raminsa, in bai faɗa ba mota za ta riƙa tafiya a kaikaice. Da kai ne ke turawa ni ina dubawa. Yau taɓaryar Inna na ara, na danna da ƙafa ina leƙe, har na ji ya faɗa. Na tsayar da sababbin shakazoba na ja na danna sau da yawa har suka yi tauri, na ɗaura, na mayar da tayoyi, na janye turame, na sauke ta.

Nan ne na tsaya, Yaya, don na zo wurin da ba ni da kai. Kullum kana cewa ba a ƙarasa ɗaure notunan bakin sifirin alhali mota tana ɗage a sama. Sai ta sauka, an girgiza ta, direba ya hau kujerarsa ta ɗauki nauyin da za ta riƙa ɗauka, sannan a ɗaure. In ba haka ba robar ciki za ta murɗe ta yage tun ba a je ko'ina ba. Shi ya sa duk gyaran da muka yi, ƙarshensa kai kana bisa kujera kana cin gyaɗa, ni ina ƙasa da sifana, ɓawo na zubo mini a fuska. Kana kira na Tsinke, kana cewa in ɗaure da ƙarfi in nuna na ci tuwo.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk gunagunin da nake yi, babu lokacin da na fi so kamar wannan. In ka hau, ina kwance ina ganin cikin motar ya sauko kusa da ƙirjina, sai in ji hankalina ya kwanta, in san akwai babba a sama. Tun rasuwar Baba kai ne ka ɗauke mu, ni da Inna, ban taɓa buɗe baki na ce na gode ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Wa zan ɗora? Tunga ba kowa. Ni ba zan hau kuma in kwanta ƙasa a lokaci ɗaya ba, ko na hau ma me na auna? Sai na tuna ranar da ka hau sikeli a kasuwar auduga don wasa, aka ce kai da buhun gero babu mai raina wani. Geronka na bara, na ƙarshe da ka noma a gonar da yanzu kifi ke yawo a kanta, mun sussuka mun ɗure a buhu saboda tashi. Na jawo buhu ɗaya, na yi ta kokawa da shi har na zaunar da shi a kujerarka. Na girgiza motar, na shiga ƙasa. Cikinta ya sauko daidai inda yake saukowa. Na ɗaure notunan nan ina kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Tun da na ɗaga motar Inna ta shige ɗaki, ba ta son gani. Ina fitowa daga ƙasa na tarar ta dawo tabarmarta. Mota ta tsaya cak, ba karkata ko kaɗan. Na buɗe ƙofa na janye buhun, sai gefenka ya ɗan ɗago sama, don sabon sifirin ne mai doro. Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To, ya sabka."

Ta dafa bango ta tashi ta shiga ciki, na ji tana haɗa ƙore da kwanoni. Abin da na yi watanni ina roƙo ke nan, ga shi na samu, amma wallahi ban ji daɗi ba. Ta ƙi cin abinci. Idanunta sun bushe, ba ta ko kallon wajen tsamiya. Na cece ta daga ruwa, na kuma raba ta da ɗan abin da ya rage mata naka. Daidai na yi, Yaya? Kai da yaya za ka yi?

Karyayyen ƙarfen nan na gefenka na yi niyyar kai wa maƙeri ya fitar mini da wuƙar fawa, in ajiye wa babban ɗanka. Bayan la'asar na je ɗauka ban gan shi ba. Da na shiga ɗaukar kayan Inna sai na ga bakinsa ya leƙo daga cikin tabarmarta, ta naɗe shi da zanenta na zuwa unguwa. Ban tambaye ta ba, na ɗora a mota yadda yake.

Gobe bayan asuba za mu tashi. Zan bi da ita ta maƙabarta mu yi maka addu'a, don ruwa ya kai gindin ceɗiyar da ke gabas da ku, kuma ban san ko za mu sake samun wurin tsayawa ba. Ɗazu na hau kujerarka na gwada. Motar ko motsi ba ta yi ba, Yaya, ba ta ma san na hau ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sada mu a inda ba a tashin kowa. Na gode, Yaya. Sai mun zo.

Ni ne ƙanenka,
Haruna, Tsinkenka