Baba Ya Shiga Motar 'Yan Sanda

Laraba da daddare, Haɗeja

Duk jikina ciwo yake, amma dariya ta hana ni barci.

Wata biyu ke nan da na sayi tsohuwar motar 'yan sandan nan a gwanjo. Na sake mata fenti, duk da haka Baba ya ce shi kam ba zai shige ta ba. Wai bai tsufa don a gan shi a motar kama ɓarayi ba.

Yau kogi ya tumbatsa, ruwa ya doshi gonarmu ta fadama, ga buhunan shinkafa a jibge. Baba a ƙafa ya tafi. A-kori-kurar maƙwabcinmu ta maƙale tun a hanya. Tawa kuwa sawu uku ta yi cikin laka, ko tari ba ta yi ba.

A sawun ƙarshe ruwa ya kai wa Baba gwiwa. Na ce, "Baba, hau kan buhunan mu tafi."

Ya harare ni. "Baya na masu laifi ne. Buɗe mini gaba."

Har gida yana ɗaga wa mutane hannu. Da ya sauka sai ya shafa ƙofar, ya ce, "Jiniyar fa, sun cire?"