Macijin da Muka Saya a Dagenham

Zuwa ga Yaya Mashud,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anatu da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya ba ka ladan jinyarsa. Mu nan lafiya lau, Ihsan ta shiga makarantar sakandare.

Maganar Gwaggo Katumi ce ta sa na rubuto. Wata biyar ke nan tana flat ɗinmu tun aikin gwiwarta, kuma halinta na nan yadda ka san shi lokacin da ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Har gaban 'yata ta ce mini marainiyar da ta ci da hatsinta.

Maigidana Zailani ya daɗe yana son kiwon maciji ina hana shi. Ran Asabar na ce ya tashi mu je shagon da ake sayar da su. Mai shagon ya nuna mana ƙanana masu sanyin hali, na ce a'a, boa nake so, dangin mesa, mace, don ya ce matan sun fi girma. Ya ce za ta wuce ƙafa bakwai, sai da akwatin gilashi mai makulli, da fitilar ɗumi, da kwanon ruwan da za ta iya kwanciya ciki. Na zaɓi akwati mafi tsawo. Na riga na auna, babu inda zai shiga sai ɗakin Gwaggo, daf da gadonta. Ɓerayen da macijiyar take ci kuwa suna freezer, kusa da kunun Gwaggo.

Ka tuna maciji ne ya kashe wa Gwaggo ɗanta Saani a gona. Da ta ga an shigo da macijiyar, sai ta kama hannuna tana kuka, ta ce in dubi Allah. Na ce mata ai akwai makulli. Kwana shida ta yi a kan kujera a corridor, sannan ta roƙi in mai da ita gida, ko da likita bai sallame ta ba. Na yi mata booking nan take.

Jirginta zai sauka Kano ran Talata. Ka zo da keken guragu, ƙafar ba ta takuwa.

Ka gaishe da Baba, da Anatu, da Affan.

Ƙanwarka,
Karimatu