Gwangwanin da Bai Bi ta Hannunka Ba

Zuwa ga aminina Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina sanar da kai cewa an ɗaura auren 'yarka Rahila ranar Asabar, an yi taro lafiya an tashi lafiya. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma tun da muka raka ka Bogoro aka rufe ka ban sami wanda zan kai wa ƙara ba, yau kuwa ƙara na kawo.

Ka san ni da kofi. Tun muna koyarwa a Gamawa kake tsokanata, wai in aka tsaga jijiyata baƙin ruwa ne zai fito. Ka kuma san ni da ƙin sa tabarau a taro, don kada a ce na tsufa.

Shi ya sa duk bikin mutanenku da ka ja ni, Kirsimeti ne ko aure, a haguna kake zama. Duk abin da aka miƙo mini sai ya bi ta hannunka. Ka juya kwalbar, ka karanta, wani lokaci har ka shinshina, sannan ka ce, "Sha, Malam Sani, wannan naka ne." In ba nawa ba ne, sai ka tura shi ƙarƙashin kujerarka ba tare da kowa ya ji kunya ba. Kai kana shan abinka jefi-jefi, ban taɓa yi maka wa'azi ba, kai kuma ba ka taɓa barin ko ɗigo ya taɓa leɓena ba. Na yi furfura a Azare ban san ɗanɗanon giya ba, ina ta yabon kaina. Ashe rabin yabon naka ne.

A wajen liyafa, dangin ango da suka zo daga Jos sun shigo da kula cike da ƙanƙara. Wata baiwar Allah cikinsu ta miƙo mini gwangwani mai sanyi, ga hoton ƙwayoyin kofi manya-manya a jiki. Akwai tambari a sama, amma ina ni ina sanin tambarin kamfanin giya? Na ce kai, zamani ya zo, kofi a gwangwani! Na yi bisimilla na kurɓa.

Da farko zaƙi ne da madara, sai ɗacin kofin da na saba. Da ya wuce maƙogwaro sai wani ɗumi ya biyo baya wanda ban san shi ba. Bulus, wallahi kafin in yi tunani na juya hagu na miƙa gwangwanin, zan ce duba mini wannan. Wani baƙo ne a kujerar, yana cin shinkafarsa.

Matarka, Maman Rahila, ce ta hango ni. Ta taho da sauri ta fizge gwangwanin, ta duba ta ga kofi ne da aka haɗa da giya, sai ta durƙusa a gabana cikin mutane tana kuka. Ta ce a asibiti, cikin saƙonnin da ka bar mata, har da wannan: "In Malam ya zo gidanmu, ki riƙa duba masa abin da zai sha."

Ban taɓa sani ba. Kana fama da numfashi, kana tunanin abin da zan sa a baki.

Na ce mata ba laifinta ba ne, uwar amarya idonta ba zai isa ko'ina ba. Na je na kuskure baki, na yi istigfari. Limaminmu ya ce wanda bai sani ba babu laifi a kansa, na kuma yarda. Ba wannan ke damuna ba. Ranar da aka binne ka na daure, har ina ba wasu haƙuri. Kukanka sai ranar Asabar na yi shi, a bakin famfo, bayan rumfar biki, ana ta kiɗa.

Yanzu duk inda za ni tabarau na kan hancina. Su ce na tsufa.

Allah Ya ba Maman Rahila juriya, Ya zaunar da Rahila lafiya a ɗakinta, Ya raya duk abin da ka bari. Lamarinka kuwa yana hannun Wanda Ya halicce mu, Ya kuma ga abin da ka yi mini.

Naka har kullum, wanda hagunsa ya zama wayam,
Sani