Ku Auna Ni a Madadin Hasan

Zuwa ga mai girma babban jami'in da ke sa hannu a takardun tafiya ƙasashen waje.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, sunana Husaini, masunci ne ni a Gaya. Na sa an rubuta wannan a fili ne domin na gaji da zaman benci a ƙofar biro, wato ofishinku.

Mu tagwaye ne. Ɗan'uwana Hasan ya tafi Makka a ƙasa tun zamanin Faransa, ta Cadi da Sudan, yana ƙwadago yana ƙara gaba har ya isa. Ya sauke farali, yanzu yana Jidda yana ɗinki. So yake ya dawo, kuma ya tanadi abin shiga jirgi.

Na farko, an ce mini daga filin jirgin Jidda zuwa na Yamai kusan kilomita dubu huɗu ne. Da na ji haka na ɗauka nisa ne ya hana shi dawowa. Sai alhazan bana suka ce ai wannan nisan bai kai wuni guda ba a sama. Wani ɗan ƙauyen Bana ya dawo da ragowar gurasar da ya saya a can, ko bushewa ba ta yi ba. Ashe ba nisa ne ya tsare Hasan ba.

Na biyu, takardar da ya fita da ita ta mulkin da ya shuɗe ce, masu jirgi sun ce ba su san ta ba, sai fasfo na sabuwar ƙasa. Na zo neman fasfon, ma'aikacinku ya ce dole mai shi ya tsaya a gabansa, a auna tsawonsa, a duba askar fuskarsa. Na ce ba zai iya zuwa ba sai da fasfo. Ya ce to, ya zo a ba shi. A kan wannan maganar muke ta kewayawa damina biyu.

Na uku, na ce a auna ni. Tsawonmu ɗaya, wanzami ɗaya ya yi mana aska a zama ɗaya, ko mahaifinmu sai mun yi magana yake bambanta mu. Ma'aikacin ya yi dariya har da share hawaye. Ni ban ga abin dariya ba.

Ranka ya daɗe, mahaifiyarmu na da rai, amma ta kwanta, idonta kuma ya yi rauni. Uwar tagwaye ba ta ba ɗaya abu ta hana ɗaya, don haka har yau ko goro ta samu sai ta raba biyu. Rabon Hasan yana bushewa a cikin ƙwarya. Ni kuma ba ni da ikon zuwa wurinsa, ba na iya barinta, ba na ma yin nisa da kwalekwale.

Roƙona, ko a aika wakili Jidda da alhazan baɗi ya auna shi a can, ko a karɓi shaidata da ta mai unguwarmu. In doka ta hana duka biyun, a gaya mini a fili in daina yi wa tsohuwa alkawari.

A hanzarta don Allah. Tun watan jiya in na shiga ɗakinta sai ta shafa fuskata ta ce, "Hasan, ka iso?" Da farko ina gyara mata. Yanzu amsawa nake yi, sai ta tambaye ni ina Husaini ya shiga.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da iyayenka lafiya, ya tara maka 'ya'yanka a gabanka.

Wassalam.
Husaini masunci, Gaya.